Yashin Jidda a Gwangwanin Madara

Laraba, 10 ga Oktoba, 1979

Shugaban makarantarmu, Malam Tanko, ya kira ni ofis bayan tara. Ya ba ni kujera, har ya tambayi lafiyar iyali. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

Sufeto zai zo daga Minna ranar 5 ga Disamba. Duk malamin da ke riƙe da aji biyar kuma ba shi da digiri, za a zauna a bayan ajinsa a saurare shi. Wanda ya gamsar ya ci gaba. Wanda bai gamsar ba, a ba wani mai digiri ajin, shi kuma a miƙa masa mabuɗin sito. Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa, ƙarshenta in koma gadin tsintsiya da alli. An karɓe wa garinmu sunansa an kai wa dajin da za a gina babban birni, mun haƙura mun zama Suleja. Yanzu ni ma za a karɓe mini aji. Shekarar karɓe-karɓe ce.

Na duba tsarin darussa. Makon da sufeton zai zo ya faɗa kan ƙasan teku. Ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne Gurara da damina, shi ma daga nesa, ina dafe da hulata.

Ban gaya wa matata Lauratu ba. Ba za ta gane ba.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ta gane. Wai daga yadda na bar miyar kuka a kwano.

Juma'a, 12 ga Oktoba

Na kai kukana wurin Mista Alphonsus, malaminmu na kimiyya. Shi da digirinsa, hankalinsa kwance kamar jaki a kan toka. Ya ba ni aron wani littafi mai bangon shuɗi a kan ƙasan teku, ya ce in ba sufeto abin da zai taɓa da hannu, don sufetoci sun gaji da zane a allo.

Na ce to in aika Ikko a ɗebo mini yashin bakin teku? Ya girgiza kai. Wai na Ikko duk tarkacen tudu ne da koguna suka kwaso suka zubar, ba shi da bambanci da na rafin Iku da ke bayan gidana. In ina son abin mamaki, sai tekun da ke da ɗumi, ruwansa garau, ba kogi ko ɗaya da ke zuba masa laka. Can yashin ba daga tudu ya zo ba, a cikin ruwan aka haife shi.

"Kamar ina?" na ce.

"Kamar inda mutanenku ke sauka in za su Makka. Jidda. Oga Bamalli, kai ne mai labarin ƙasa fa, ba ni ba."

Na bar masa wannan.

Asabar, 13 ga Oktoba

Yaya Saudatu za ta tashi jibi zuwa Kano, daga can sai jirgi zuwa aikin hajji. Gidanta cike da masu sallahu: wannan carbi, waccan kwalli, wata zoben azurfa. Na bari aka ragu, na fito da gwangwanin madarar gari da na wanke, na ce ta ciko mini shi da yashin tekun Jidda. Ba na kan gaɓa ba, na cikin ruwa.

Ta daɗe tana duban gwangwanin.

"Bamalli, tun kana yaro nake cewa karatun nan zai taɓa ka. Mutane na cewa dabino, kai kana cewa yashi. Gini za ka yi?"

Na yi mata bayanin sufeto da sito. Sai ta fizge gwangwanin ta cusa a jaka, ta ce ɗan uwarta ba zai yi gadin tsintsiya ba tana raye, ko da za ta yi nutso. Ban nemi nutso ba. Na ce iya gwiwa ya isa.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Littafin Alphonsus ya hana ni hirar la'asar.

Ashe ƙasa ba ta yankewa kai tsaye ta faɗa zurfi. Tana shimfiɗa wani dakali tukuna a ƙarƙashin ruwa marar zurfi, wani wuri mai faɗin tafiyar kwanaki, sannan a gangara rami. A kan dakalin nan, inda rana ke kaiwa har ƙasa, halittu ke zaune suna gina wa kansu gidaje da alli: murjani, katantanwa, kumba, wuri, da wasu ƙanana da ido ba ya gani. Har wata ciyawar ruwa akwai mai alli a jikinta, in ta mutu sai ta rududduge ta zama farar laka. Mai gida ya mutu, gida ya farfashe, shi ne yashi.

Akwai wani kifi mai baki irin na aku, aikinsa gaigayar murjani. Abin da ya fito ta bayansa shi ne farin rairayin da Turawa ke kwanciya a kai suna shan hantsi. Na yi dariya ni kaɗai har Lauratu ta leƙo ta ce lafiya? Na ce wani abu ne na ilimi.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Babbar Sallah. Ragonmu ya yi kitse. Kowa na tuna alhazai a Mina, ni ina tuna gwangwani. Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Yaya ta sauka! Yanzu Hajiya Saudatu, da haƙorin Makka ɗaya da take ta nemo dalilin nuna shi. Daga tasha har gida guɗa ake yi.

Da ƙyar na samu na durƙusa gabanta. Kafin in gama barka da sauka ta nuna mini kusurwar ɗaki da haɓa: ga gwangwanina tsakanin buhun dabino da jarkar zamzam, an ɗaure murfinsa da tsumma. Ta ce kwana huɗu suka yi a Jidda suna jiran jirgi, ta ja mata biyu suka nufi teku. Ruwan kamar hawaye, kana ganin yatsun ƙafarka. Ka yi ta tafiya, ka yi ta tafiya, bai wuce gwiwa ba. Can nesa ne igiya ke fashewa a kan wani farin layi, amma inda ta tsaya shiru kamar a randa. Ta ɗebi rabi a nan, sannan wani mai kwale-kwale ya kai gwangwanin wajen farin layin ya ciko mata sauran, yana ta dariya yana nuna kansa da yatsa.

"Ya ɗauka ni ce mahaukaciyar," ta ce. "Ban iya Larabcin da zan ce masa ƙanena ne ba."

Na so in ɗauke kayana in tafi. Amma mutum da furfurarsa ya shiga gidan hajiya ranar saukarta ya fito da tsaraba a hammata, gaban surukai? Sai a yi shekara ana faɗa. Na bari sai jibi.

Asabar, 24 ga Nuwamba

Innalillahi.

Na je ɗaukar gwangwani, na same shi a buɗe. Abin da ya rage a gindinsa bai cika cokalin shayi biyu ba.

Ga yadda aka yi. Duk wadda ta zo barka da sauka ana ba ta dabino uku da kurɓin zamzam. Jiya da hantsi dabino ya ƙare, baƙi ba su ƙare ba. Wata tsohuwa ta buɗe gwangwani, ta ga farin yashi, ta ce, "Allahu Akbar, ƙasar Makka!" Shi ke nan. Kowa ta miƙo bakin zane, aka yi ta ƙulla musu.

Na ce, "Yaya, ba ki gaya musu na teku ba ne?"

"Na gaya musu! Suka ce ai Jidda ƙofar Makka ce, wanda ya samu ƙasar zaure ya samu ta gida. To in ce me? Mace ta tako tun daga Madalla ta koma hannu rabbana?"

Babu amsar wannan a littafin shuɗi. Saura kwana goma sha ɗaya sufeto ya zo.

Da na gaya wa Lauratu, dariya ta yi har ta zauna a kan turmi. Na tsaya ina kallonta da idon da nake kallon aji uku. Da ta share hawaye sai ta ce, "Malam, ai yashin bai bar gari ba. Gidajen mutane ya shiga, kuma gidajen da kai ba ka shiga." Ta ce tana ɗakin jiya, ta ga duk wadda ta ƙulla. Ta shiga lissafo su da unguwanninsu, mace talatin da ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni da nake kasa riƙe sunayen ɗalibai arba'in a wata uku.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Mun fara yawon karɓo yashi. Ita ta shiga, ni in tsaya a zaure ina gaisawa da masu gida, suna tambayata ko lafiya, ina cewa zumunci ne. Ban taɓa yin zumunci irin na yau ba. Na sha kunun zaƙi kofi shida.

Ba ta ce musu a mayar ba, ashe. Cewa take yi aro ne: Malam zai nuna wa babban baƙo daga Minna, ranar Alhamis ta sama a dawo wa kowa da nata. Da na ce me ya sa ta yi alkawarin da ban sa ta ba, sai ta ce, "In ka san wata hanyar raba tsohuwa da tsarabar Makka, ga ƙofa nan, shiga."

Ƙulli tara yau.

Litinin, 26 ga Nuwamba

Ƙulli biyar. Wata a unguwar Hashimi ta rantse ba ta karɓa ba, alhali ga shi rataye a wuyan jikanta an ɗinke da fata. Mun bar mata.

Talata, 27 ga Nuwamba

Raina ya ɓaci yau, ko da yake yanzu da nake rubutawa ina jin dariya na taso mini.

Kowa ta yi wa nata aiki. Gwaggon Lauratu ta zauna da tsinke ta tsince duk jajayen ƙwayoyi da manya-manyan ta zuba a kwalbar turare, wai murjani ne. (Gaskiyarta, murjanin ne. Ban gaya mata ba, kada a hana ni kwalbar.) Matar Ladan mai gyaran keke ta jiƙa nata ta karkaɗa, ruwan ya yi fari kamar ƙasari, ta tsiyaye shi a kwalba tana shafa wa jikokinta a ka, farin ya kwanta a gindin kwalba, tsakin yana kofi daban. Dokas mai kaji ta Madalla, wadda ke kai wa Yaya ƙwai, ta watsa nata a akurki don kaji su yi albarka. Sun tsattsage shi tas. Ta ce tun ranar ɓawon ƙwansu ya yi ƙwari, in Malam na son yashinsa ya biyo bayan kajin da tsintsiya.

Mafi ciwo: Nnenna, matar Alphonsus da kansa! Rumfarta na kusa da ta Yaya a kasuwa, ta je barka, ta ƙulla. Ta zuba a gindin ganyen miyar da ta shuka a tsohon bokiti. Na ce wa Alphonsus, kai da digirinka, matarka da cocinta? Ya ce, "Oga, ta ce albarka ba ta da ƙabila. Ni ba na gardama da mai dafa mini abinci." Mun tona bokitin, tsutsar tana ta riga ta gauraye yashin da baƙar ƙasa, fari nan, baƙi can, duk ramuka.

Na dawo gida na baje komai a kan tabarma. Babba daban, ƙanana daban, laka daban, wani a cikin kaji. An ɓata mini samfur.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Abin da ya faru da la'asar, zan rubuta shi yadda ya faru, tunda ba mai karantawa.

Ina zaune ina duban ƙulle-ƙullen nan kamar mai zaman makoki. Lauratu na gefe tana rege shinkafa. Ta ce wai me aka ɓata? Na ce a teku ba haka yashin yake a rarrabe ba... sai na yi shiru, don na tuna shafi na sittin da wani abu, inda aka ce daidai haka yake. Don kada shirun ya yi tsawo, sai na shiga yi mata bayani, irin bayanin da ake yi wa wanda ba zai gane ba. Na ce a bakin dakali, inda igiya ke duka dare da rana, ruwa na kwashe masu laushi ya bar manyan gutsattsarin murjani. Masu laushin su yi ta yawo cikin ruwa har su sami wuri mai shiru a bayan murjani, su kwanta su zama laka. Wasu ƙwayoyin kuma igiya ta yi ta mirgina su gaba da baya har su mulmule kamar gero. In guguwa ta taso ta birkita komai, a sake sabon rabo.

Ba ta ɗago kai ba. Hannunta na juya ƙwarya, ruwa na kai da komo, shinkafa na tsallakawa ɗaya ƙwaryar, tsakuwa na zama a gindi.

"Ashe teku ma regewa take yi," ta ce. "Allah sarki. Ita ba ta da ranar hutu?"



Ta ci gaba, wai ke nan kwalbar Gwaggo ita ce bakin dakali, ta matar Ladan ita ce wuri mai shiru. Ta tambaya ko akwai kaji a teku. Na ce babu, amma akwai kifi mai bakin aku, da wata halitta kamar gurji da ke haɗiyar yashi ta fitar ta baya. Ta ce to ga Dokas nan. Ta ce tsutsar tana fa? Na ce akwai tsutsotsi da jatan lande masu haƙa ramuka, igiya ta jera yashi hawa-hawa, su bi su dagula. Ta ce to ga bokitin Nnenna.

"Malam, matan garin nan sun yi maka darasin, kai kana fushi."

Da an ba ni kwana biyu da ni ma na gano wannan da kaina. Ina kyautata zato.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Ta ce in sufeto zai taɓa da hannu, to ya ga regewar da idonsa. Na ce ba zan kai matata aji ba. Ta ce ita ma ba ta ce za ta je ba. Ni zan rege.

Na sa an rufe ƙofar zaure.

Juma'a, 30 ga Nuwamba

Rana ta biyu ta koyon regewa, da yashin Iku don kada a yi asarar na aro. Na jiƙa riga biyu. Ta ce ina juya ƙwarya kamar mai tuƙa tifa. "Ba da kafaɗa ba, Malam, da wuyan hannu. Lallaɓa ruwan, ba ɗalibinka ba ne." Shekara ashirin da huɗu ina ganin tana yin abin nan kullum, na ɗauka ruwan ne ke yi da kansa.

Asabar, 1 ga Disamba

Ranar farin ciki.

Alphonsus ya kawo madubinsa har gida, wannan mai mayar da ƙwarƙwata saniya. Kafin mu duba, ya yanka lemun tsami ya ɗiga a kan yashin Iku, wanda duk ɓarɓashin duwatsu ne irin su Zuma: shiru, ko gezau. Ya ɗiga a kan na Jidda: sai tsuuu, kumfa, kamar an zuba kanwa a miyar yakuwa. Alli ne tsantsa. Lauratu ta yi wuf ta janye faranti. "Aro ne fa! Kada ku narkar wa mutane da albarka."

Sannan na sa ido a madubi.

Ban san yadda zan rubuta ba. Na sha karanta cewa yashin nan gidajen halittu ne, na kuma yarda, irin yardar da mutum ke yi wa nisan rana. Amma ga su. Katantanwa cikakkiya da murɗinta, ba ta kai ƙwayar gero ba. Wasu ƙananan faya-fayai masu ɗakuna a zagaye, kamar an saƙa su da allura. Ƙaya mai ruwan hoda. Guntun murjani da ƙofofinsa. Wani an huda shi tsaf, wani maƙwabci ne ya shiga ya cinye mai gidan. Babu ƙwaya ɗaya da ba wani ne ya taɓa zama a cikinta ba. Gani ya kori ji, ni kuwa shekara ashirin da biyu ina sayar da ji.

Aka aika aka kira Yaya. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa. "Subhanallahi. A kan wannan na taka?" Can kuma ta ce, "Bamalli, kada ka kuskura ka gaya wa matan nan ƙasusuwan dodon koɗi na raba musu."

Lauratu ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi daɗewa. Da Alphonsus zai naɗe kayansa ta roƙe shi ya ƙara mata kaɗan.

Talata, 4 ga Disamba

Na rege sau uku a jere ban zubar ba. An ce da ni "ba laifi." Ban taɓa samun sakamakon da ya faranta mini rai haka ba, har da na kwalejin horon malamai.

Gobe.

Laraba, 5 ga Disamba

Na shiga makaranta da ƙorai biyu a hannu, bokitin Nnenna, kwalabe, da ƙwan Dokas ɗaya a aljihu. Malam Tanko ya hango ni ta taga, na ga ya laluba aljihunsa, ina jin mabuɗin sito yake nema.

Sufeton, Mista Vincent, dogo ne mai tabarau, fuskarsa kamar ƙofar da aka kulle. Ya zauna a baya ya buɗe fayil.

Na zana dakali a allo, layi uku kawai. Sannan na naɗe hannun riga na ɗauki ƙwarya. Ajin ya fashe. Wani daga baya ya ce, "Malam, yau shinkafa za mu ci?" Na ce wanda ya gane darasi shi zai ci ƙanzo. Na tuna: wuyan hannu, lallaɓa ruwa. Farin ƙasari ya tsallaka, tsaki ya zauna. Dariya ta mutu, suka taso suka kewaye tebur ba wanda ya ba su izini. Na bi da su daga kwalba zuwa kwalba: nan igiya ke duka, nan ruwa ke barci. Na ɗaga ƙwai na ba su labarin kaji da kifi mai bakin aku. Na tona bokiti suka ga aikin tana. Lemun tsami na ɗiga a kan cokali biyun nan nawa na gindin gwangwani, ban taɓa na aro ba.

Ana cikin layin leƙa madubi sai sufeto ya yi gyaran murya.

"Malam Bamalli, ka taɓa ganin teku?"

Shekara da shekaru ina ba su labarin igiya da muryar wanda ya sha iyo a cikinta. Ban taɓa cewa na je ba, ban kuma taɓa cewa ban je ba. Ƙarya ta zo har bakina, ƙarama, mai sauƙin haɗiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ba. Yayata ce ta shiga har gwiwa ta ɗebo, matan gari suka rarraba, matata ta koya mini regewa. Nawa a ciki karatun littafin ne kawai."

Ya rubuta wani abu mai tsawo. Sai ya tashi, ya cire tabarau, ya shiga layi a bayan ɗalibai. Da ya leƙa madubin sai da aka buga ƙararrawa bai ɗago ba. Ya ce shi a bakin teku aka haife shi, ubansa masunci ne, kuma bai taɓa tambayar kansa daga ina yashi yake ba.

Wajen fita ya rage murya ya ce ko zan sam masa kaɗan ya kai wa tsohuwarsa, tunda daga ƙasa mai tsarki ne. Na ce aro ne, amma ragowar cokalina nawa ne. Na raba biyu na ƙulla masa a takarda.

Alhamis, 6 ga Disamba

Malam Tanko ya tare ni a baranda, bai ba ni kujera ba, bai tambayi iyali ba. Alhamdu lillahi. Aji biyar nawa ne. Ya ce sufeto ya rubuta a sayo wa makaranta ƙorai.

Da la'asar muka mayar wa kowa da ƙullinta kamar yadda aka yi alkawari. Gwaggo ta zazzage kwalbarta a tafin hannu ta duba jajayen ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa mana albarka. Dokas ta ce ƙwan fa? Na ce ya yi shahada a aljihuna.

Lahadi, 9 ga Disamba

Alphonsus ya ce in riƙe littafin har hutu ya ƙare. Bayan la'asar na fito da shi tsakar gida, don hasken ɗakina ba shi da kyau kwanan nan. Lauratu na tsince wake. Na karanta babin guguwa a bayyane, ina mayar da shi Hausa. Haka nake yi in ina son abu ya zauna mini. Ta tsayar da ni sau uku. A na ukun ina jin mai littafin ne bai taɓa riƙe ƙwarya ba. Gobe babi na tara.

Ragowar yashin na ƙulle a tsumma na sa a aljihun gaba na rigata. Don nazari ne.

Na biya ta wurin Yaya na tambaye ta yadda ake cika takardar neman kujerar Makka, da ko ana barin mutum ya yi kwana biyu a Jidda. Ta ce kujera nawa? Na ce tambaya kawai nake yi.

Biyu. Wani ya kamata ya duba ko tekun na regewa daidai.